Magani Da Ma'auni: Allurar Kashe Ƙwayoyin Cuta Da Ƙodar Manomin Bici

A shekarar 2010, Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, ta soke rajistar allurar jentamaisin mai ƙarfin miligiram 280, ta kuma ba da umarnin a janye ta daga kasuwannin Nijeriya. Dalilan da hukumar ta bayar a fili suke: allurar mai wannan ƙarfi tana lalata ƙoda, tana kuma kurmantar da mutum. Hanin bai shafi jentamaisin ɗungurungum ba. Ƙananan kwalabe, irin mai miligiram 80, sun ci gaba da aiki a asibitoci, domin magani ne da ake ceton rai da shi kowace rana. Abin da hukuma ta yi wa burki shi ne yawan maganin da aka ɗura a kwalba guda, wanda mai allurar da bai san lissafi ba zai zuƙe duka ya danna wa babba ko yaro.

Bari mu yi lissafin tare da mai karatu. Likita yakan auna wannan allura ne da nauyin majinyaci. Idan aka ɗauki miligiram 5 ga kowane kilo, to miligiram 280 shi ne rabon yini guda cur na mutumin da ya kai kilo 56, muddin ƙodarsa lafiyayya ce. Idan aka yi masa safe da yamma, an ninka masa. Idan kuwa yaro mai kilo 20 aka yi wa kwalbar nan, to an ba shi miligiram 14 a kan kowane kilo, kusan ninki biyu na abin da jikinsa zai iya ɗauka.

Ni malamin jami'a ne, ilmin magunguna nake koyarwa, kuma ɗan ƙasar Bici ne. Abin da nake son faɗa a wannan shafi abu ɗaya ne. Yawancin ɓarnar da magungunan kashe bakteriya ke yi wa ƙoda da hanyar fitsari a karkararmu abu ne da za a iya kauce masa, domin tana aukuwa ne a inda aka ba da magani ba tare da ma'auni ba: ba a auna nauyin majinyaci ba, ba a auna ƙarfin ƙodarsa ba, ba a ƙidaya kwanaki ba, ba a kuma duba ko jikin nan yana da ruwa ba.

Me ya haɗa magani da ƙoda?

Ƙodar mutum biyu ce, kowacce ba ta wuce girman dunƙulen hannunsa ba. Duk da ƙanƙantarsu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinsu yake bi. A cikin kowace ƙoda akwai 'yan mitsi-mitsin matatai kimanin miliyan ɗaya. A yini guda sukan tace ruwa wajen lita 180 daga cikin jini, sa'an nan wasu siraran bututu su sake tsotse kusan dukkan ruwan su mayar wa jiki, a bar lita ɗaya da rabi ko makamancin haka ya fita a matsayin fitsari.

A nan sirrin yake. Yawancin magungunan kashe bakteriya ta ƙoda suke fita daga jiki. Yayin da bututun nan ke tsotse ruwa suna barin magani, ƙarfin maganin sai ya yi ta ƙaruwa, kamar yadda gishiri ke ƙara fitowa a miyar da aka bari a kan wuta ruwanta yana ƙonewa. Saboda haka akwai magungunan da ƙarfinsu a cikin ƙoda ya ninka ƙarfinsu a cikin jini sau da yawa. Idan jiki ya bushe, ƙoda takan ƙara tsananta tsotsar ruwa don ta tanada shi, maganin kuma ya ƙara kauri a cikinta.

Wani abin lura shi ne ƙoda ba ta da ƙorafi. Mutum zai iya rasa kusan rabin aikinta yana harkokinsa bai ji komai ba. Ciwon ƙugun da mutanenmu ke kira ciwon ƙoda, galibi na tsoka ne da ƙashi. Ita ƙoda idan ta fara gazawa, jini ne ke fara ba da labari, ta hanyar gwajin wani sinadari da ake kira kiriyatinin, wanda ke taruwa idan matatan sun raunana.

Hanyoyi huɗu na ɓarna

Hanya ta farko ita ce guba kai tsaye, kuma dangin jentamaisin ne kan gaba a nan: amikasin, kanamaisin da sitireftomaisin. Ƙwayoyin halittar bututun ƙoda sukan haɗiye maganin su adana shi, ya yi ta taruwa har ya kashe su. Alamar ba ta bayyana a ranar farko, sai bayan kwana biyar zuwa bakwai, wani lokaci ma bayan an gama allurar. Abin da ke yaudarar mutane shi ne sau da yawa fitsari yana ci gaba da zuwa yadda aka saba, alhali dattin jini ba ya fita tare da shi. Ko a asibitocin da ake lura sosai, littattafan likitanci sun nuna cewa tsakanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin kowane goma da aka yi wa irin wannan allura na kwanaki sukan nuna alamar raunin ƙoda. Idan aka gano da wuri aka dakatar, ƙoda takan farfaɗo cikin makonni. Kunne kuwa idan ya tafi, ya tafi ke nan. Wannan ne ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a daina amfani da allurar kanamaisin wajen maganin tarin fuka mai bijire wa magani, aka karkata ga ƙwayoyin sha.

Hanya ta biyu ita ce ƙin jini, wato jikin wani mutum ya ƙi wani magani, garkuwarsa ta tayar da kumburi a cikin naman ƙoda. Wannan ba ruwansa da yawan magani, ƙwaya kaɗan ma ta isa. Dangin fenisilin, irin su Ampiclox, da sifrofulokzasin da ake kira sifro, da Septrin, da rifamfisin na tarin fuka, duk suna iya jawo shi. Yakan zo bayan mako ɗaya ko biyu, wani lokaci da zazzaɓi da ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Masifar ita ce idan zazzaɓin ya dawo, sai a ce cutar ce ba ta mutu ba, a ƙaro maganin da ya haddasa shi.

Hanya ta uku ita ce toshewa. Wasu magunguna ba sa narkewa sosai a cikin fitsari mai kauri, sai su daskare su zama ƙananan duwatsu kamar yashi, su toshe bututun ƙoda ko hanyar da fitsari ke gangarowa zuwa mafitsara. Dangin salfa, wanda Septrin ke ciki, tun shekarun 1940 aka san su da wannan hali. Sifro ma yana yi, allurar seftiriyakzon kuma takan haɗu da sinadarin kalsiyam ta yi tsakuwa, musamman ga yara. Alamomin su ne murɗa mai tsanani a kwiɓi, fitsari da jini, ko ɗaukewar fitsari. Shan ruwa isasshe yana rage wannan haɗari ƙwarai.

Hanya ta huɗu ta bayan gida ce, wato maganin ya taɓa wani abu dabam, ƙoda ta kwashi sakamakon. Akwai mutane da yawa a Afirka ta Yamma, musamman maza, da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, wanda likitoci ke kira G6PD. Idan irinsu suka sha wasu magunguna, kamar dangin salfa ko naitirofurantoyin da ake bayarwa don ciwon mafitsara, jininsu na iya farfashewa, ido ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, tarkacen jinin kuma ya cushe ƙoda. Haka kuma Septrin yana ɗaga sinadarin fotasiyam a jini, abin da ke da haɗari ga zuciyar dattijon da ke shan wasu magungunan hawan jini, irin su lisinofuril.

A nan ya kamata a bambance abu guda. Mai shan maganin tarin fuka zai ga fitsarinsa ya yi ja-ja kamar ruwan lemo. Wannan launin rifamfisin ne kawai, ba jini ba ne, ba kuma dalilin barin magani ba ne.

Me ya sa ƙasar Bici?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya san yadda ƙasarmu take: gari na bin gari, gona na manne da gona, babu saura balle daji. Daga Badume zuwa Ɗanzabuwa, daga Kwamarawa zuwa iyakarmu da Bagwai da Tsanyawa, mutum ba ya hutawa. Da damina gero da dawa da gyaɗa da wake, da rani kuma lambun tumatir da albasa a bakin ruwan Watari. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin sharar gona da kai taki, zafi kan haura digiri 40. Manomi yakan wuni yana zufa, ruwan da ya sha bai kai wanda ya fita ba. Idan azumi ya faɗo a irin wannan lokaci, ko gudawa ta kama shi, jikin ya ƙara bushewa. Masu iya magana suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bushewar jiki ita ce tsagar, allura kuma ta tarar da ƙofa a buɗe.

Abu na biyu shi ne wanda ke ba da maganin. A mafi yawan ƙauyukanmu, mai kemis ne likitan farko, sau da yawa kuma shi ne na ƙarshe. Ban zo don in ci mutuncinsa ba. Shi ne ke buɗe shago da tsakar dare, shi ne ke ba da bashi har kaka. Sai dai lasisin da Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya, PCN, ke ba shi na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu, bai ƙunshi yin allura ba. Ba shi da sikeli, ba shi da wurin gwajin jini. Mu kuma masu zuwa wurinsa mun riga mun yanke hukunci tun daga gida cewa allura ta fi ƙwaya, wanda bai yi mana allura ba bai san aiki ba. Shi kuwa ɗan kasuwa ne, abin da mai saye ke so shi yake sayarwa.

Abu na uku shi ne haɗe-haɗe. Da wuya a yi wa manomi jentamaisin ita kaɗai. Akan haɗa masa da allurar daikulofenak ko ƙwayar ibufurofen don ciwon jiki. Waɗannan magungunan kashe raɗaɗi suna rage jinin da ke shiga ƙoda, daidai lokacin da take bukatarsa. Idan ƙafa ta fara kumbura, sai a ƙara masa Lasix don ya fitar da ruwa, jikin ya ƙara bushewa. A gida kuma ga jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙoda za ta iya jurewa, amma idan suka taru a kanta a mako guda, nauyin ya fi ƙarfinta.

Abu na huɗu shi ne sunayen cuta guda biyu da suka zama buhun da ake zuba komai a ciki: taifot da sanyi. Duk zazzaɓin da ya wuce kwana uku taifot ne, hujjar kuwa gwajin Widal, wanda aka ƙirƙiro tun 1896, kuma yakan nuna alama ko ga mai zazzaɓin cizon sauro ko wanda ya taɓa yin cutar ya warke. Duk ciwon mara, ƙaiƙayi, jinkirin haihuwa ko raunin namiji kuma sanyi ne. Mace za ta sha sifro, a yi mata allura, maganin ya kashe bakteriya masu amfani da ke tsaron gabanta, ƙwayar fangas ta samu fili ta yaɗu, ƙaiƙayi da zafin fitsari su ƙaru. Sai a ce sanyin ne ya yi ƙarfi, a sake sabon zubi. Maganin ne ya haifi ciwon da ake ƙaro shi dominsa.

Haka abin yake ga yaron da ke fitsarin jini. A yankin da yara ke wanka a madatsar ruwa da magudanan noman rani, abin da ya kamata a fara zargi shi ne tsargiya. Tsutsa ce ke kawo ta, maganinta kuma ƙwayar firazikwantel. Jentamaisin ba ta taɓa tsutsar tsargiya ko kaɗan. Yaron da aka yi wa ita ya ɗauki haɗarin a banza, cutarsa kuma tana nan tana cin mafitsararsa.

Wata bazara na je gida na tarar da wani kawuna, dattijo mai hawan jini, a kwance a zaure. Na tambaye shi jiki, ya ce, "Da sauƙi, ɗana. Taifot ce, amma yaron nan ya yi ƙoƙari, yau kwana shida yana yi mini allura safe da yamma." Na ce, "Kawu, fitsari fa?" Ya ce, "Yana zuwa sarai. Abinci ne dai ba na so, ga tashin zuciya, kunnena kuma kamar ana kaɗa ƙararrawa." Na roƙe shi a dakatar da allurar mu tafi asibiti a ranar. Gwajin jini ya nuna ƙodar ta fara gazawa. Aka yi masa ƙarin ruwa, aka canza magunguna, bayan makonni ƙodar ta dawo daidai. Jinsa dai bai koma yadda yake ba, har yau sai an ɗaga murya ake gaisawa da shi. Gwajin da aka yi a rana ta shida, da an yi shi a rana ta farko, da ko kusa ba a fara wannan allura ba.

Ingancin abin da ake sha

Bayan awo, akwai batun lafiyar maganin kansa. Kafso ɗin nan ja da rawaya, wato tetirasaikilin, da ake tallarsa a faranti ranar kasuwa, rana na dukansa tun hantsi har la'asar, idan ya tsufa ko zafi ya lalata shi yakan rikiɗe ya zama guba ga bututun ƙoda. Likitoci sun rubuta wannan tun farkon shekarun 1960. Ko lafiyayyensa ma yana ƙara tsananta halin wanda ƙodarsa ta riga ta raunana.

Tarihi ya nuna cewa ƙoda ce ke fara biyan kuɗin sakacin masu haɗa magani. A 1937, wani kamfani a Amurka ya narkar da maganin kashe bakteriya na salfanilamaid a cikin wani sinadari mai zaƙi da ake kira dayetilin gilaikol. Fiye da mutum 100 suka mutu saboda gazawar ƙoda, da yawansu yara, abin da ya sa ƙasar ta kafa dokar 1938 mai tilasta a gwada magani kafin a sayar. Wannan sinadari dai shi ne ya kashe yara 84 a Nijeriya tsakanin 2008 da 2009 ta cikin maganin haƙori na My Pikin, har da waɗanda aka kwantar a Zariya. Saboda haka tashin da aka yi wa dillalan magani daga Sabon Gari zuwa cibiyar Dangwauro a 2024 ya shafi mutumin Bici kai tsaye, domin daga Kano kusan duk wani kwalin magani ke isowa shagunanmu. Sai dai tsabtace mafarin rafi ba zai wadatar ba idan ba a bi shi har inda ake ɗiba ba.

Kuɗin gyara da kuɗin rigakafi

Idan ƙoda ta tsaya cik, sauran wankin ƙoda. Mutumin Bici zai kama hanyar Kano, tafiyar kimanin kilomita 40, zuwa wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda tun 2002. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki ɗaya daga naira 50,000 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta. Ko da wannan rangwame ya iso ga kowa, wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya yana bukatar wanki sau uku a mako, wato naira 36,000, a wata kuma naira 144,000, ban da kuɗin mota da magani da ƙarin jini. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 70,000 ne, manomi kuwa ko albashin ba shi da shi. Akan fara da sayar da awaki, a bi da shanun huɗa, a ƙare da gonar gado. A ƙasar da gona ta yi ƙaranci irin tamu, wadda aka sayar ba ta dawowa.

Ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 13 da ɗoriya ke gamuwa da gazawar ƙoda ta farat ɗaya a kowace shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa. A 2013 ta ɗauki aniyar cewa zuwa 2025 kada wani ya mutu saboda irin wannan gazawa da za a iya magancewa. Wa'adin ya cika, mu kuwa har yanzu gwajin kiriyatinin, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar wanki ɗaya ba, sai an yi tafiya ake samunsa.

Kada a gudu daga magani

Wani zai karanta wannan ya ce to daga yau ya bar maganin asibiti. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Cutar da ba a magance ba ta fi magani kashe ƙoda. Ƙwayar cuta idan ta hau daga mafitsara ta shiga ƙoda, ko ta bazu cikin jini, tana iya tsayar da ita cikin kwana biyu. Ciwon maƙogwaro da ƙurajen fata da aka yi wa sakaci suna jawo wa yara kumburin ƙoda. Jentamaisin ɗin nan da nake magana a kanta, ita ce tare da amfisilin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a yi wa jaririn da cuta ta shiga jininsa, kuma ta ceci jarirai ba adadi. Lokacin da mashaƙo ya addabi Kano a 2023, maganin kashe bakteriya na cikin abin da aka yaƙe shi da shi. Masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki da aka ɗora a kan Septrin, da masu shan maganin tarin fuka, kada su kuskura su daina ba da izinin likitansu ba.

Akwai kuma wani zagaye da ya kamata a gane. Duk lokacin da aka sha magani ba bisa ƙa'ida ba, ana koya wa bakteriya yadda za su bijire masa. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Idan magunguna masu sauƙi suka daina aiki, dole likita ya koma ga masu zafi, irin su amikasin da bankomaisin da kolistin. Shi kolistin tun shekarun 1970 aka jingine shi saboda illarsa ga ƙoda, rashin mafita ya sa aka sake ɗauko shi. Ashe kafso ɗin da aka sha a banza saboda mura a yau, shi ke tura wani ga maganin da zai ci masa ƙoda gobe.

Abin yi

Ga majinyaci da masu jinya, tambayoyi huɗu sun isa kafin a miƙa hannu ko a kwance ɗamara: mene ne sunan wannan allura, an auna nauyina, kwana nawa za a yi, kuma akwai bukatar gwajin ƙoda? Wanda ya haura shekara 60, da mai ciwon suga, da mai hawan jini, da mai juna biyu, da wanda ke amai ko gudawa, kada a yi musu jentamaisin sai a asibiti. A sha ruwa sosai muddin ana kan magani, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa. Mai azumin da rashin lafiya ta kai shi ga irin wannan allura ya tuntuɓi likita da malami, domin addini ya yi wa majinyaci rangwame. A guji haɗawa da daikulofenak. Idan fitsari ya ragu ko ya canza launi, fuska ko ƙafa ta kumbura, kunne ya fara ƙara, ko jiri da ƙuraje suka bayyana, a tafi asibiti a ranar, a tafi da kwalayen duk abin da aka sha, har da na gargajiya. Wanda wani magani ya taɓa yi wa illa ya rubuta sunansa ya ajiye a aljihu.

Ga masu kemis, ina kira ga ƙungiyarsu ta Bici da ta yi wa kanta doka tun kafin hukuma ta zo: ba allura a shago, ba kwalbar 280 ko a ƙarƙashin kanta. Tura majinyaci asibiti ba ya rage wa mai shago daraja, amana yake ƙara masa.

Ga gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma, bukatar ba ta gini ba ce. Kowane ɗakin shan magani na mazaɓa ya samu sikeli mai aiki, na manya da na jarirai, da tsinken gwajin fitsari, da jadawalin awon magani manne a bango. Babban asibitin Bici da manyan cibiyoyin lafiya na yankin su riƙa yin gwajin kiriyatinin kullum a kan farashi mai sauƙi, a kuma sanya shi cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha. Hukumar PHIMA mai sa ido kan cibiyoyin lafiya masu zaman kansu, da PCN da NAFDAC, su riƙa leƙa kasuwannin ƙauye, kada aikinsu ya tsaya a birni.

Mu ma malaman jami'a da sauran aiki a gabanmu. Ɗalibanmu na likitanci da harhaɗa magunguna su fita daga cikin ganuwa, su zauna a asibitocin karkara su ƙidaya mutum nawa ke zuwa da raunin ƙoda, kuma me suka sha kafin su zo. Da irin wannan ƙidaya ake shawo kan mai rabon kasafi. Limamai da masu unguwanni da gidajen rediyo kuma su taimaka da isar da saƙon, musamman gabanin bazara, tunda idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Hukuma ta yi nata tun 2010 da ta cire babbar kwalba daga kasuwa. Amma mai allurar da ba shi da sikeli zai iya fasa ƙananan kwalabe huɗu ya zuƙe a sirinji ɗaya, ya ma zarce abin da aka hana. Doka tana iya kama kwalba, awo kuwa sai an koyar da shi, an kuma samar da kayan yinsa a inda mutane suke.

Allah Ya ba majinyatanmu lafiya, Ya kare masu lafiyarmu.